Malamar Bukkuyum da Ba Ta San Sunan Yaro Ba

Ranar wata Talata a shekarar 1978 mai jarrabawa ya zo Bukkuyum daga Sakkwato, ya zauna a bayan ajin matata Sahura, ya kayar da ita. Ni ne hedimastan makarantar, amma ba na nan. An kira ni Anka in karɓo benci-bencin yara. Na dawo da la'asar a bayan babbar mota, na tarar mutumin ya ci tuwonmu, ya sha furarmu, ya tafi.

Masu rubuta tarihi suna son shekarar 1976. Sukan ce ita ce shekarar da aka buɗe wa ɗan talaka ƙofar ilimi. Ni ina wurin. An buɗe ƙofar kam, sai dai ba kowa a cikin ɗakin. Gwamnatin soja ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, abin da ake kira UPE. Dagatai suka koro yara daga gona da kiwo, suka cika mana fili. Sai da yaran suka zauna a ƙasa suna kallonmu, sannan aka tuna ba a tanadi wanda zai koya musu ba.

Aka shiga yin malamai yadda ake buga tubali an ga hadari ya taso. Duk wanda ya taɓa gama aji bakwai aka nemo shi: mai awo a kasuwa, ɗan kamasho a tasha, masinjan alƙali. Aka buɗe kwas na gaggawa a Anka, cikin wani tsohon siton auduga. Ana koya maka riƙe alli da tsara darasi da yadda ba za ka juya wa yara baya kana magana ba. Daga nan a tura ka wata makaranta ka yi koyarwar gwaji. A ƙarshe mai jarrabawa ya zo, ba tare da ya faɗi ranar zuwansa ba, ya kalli darasi ɗaya. In ka ci, a ba ka takardar shaida, ka zama malami. In ka faɗi, ka zama mataimaki, wanda ake aiki da shi har ranar da aka ga dama a kore shi.

Sahura 'yar malaman Gummi ce, uwarta Bafulatana. Ta yi boko ne saboda hakimi ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya. Mahaifinta ya dubi 'ya'yansa maza suna kan allo, ya ga ba wanda zai iya asararsa, sai ya ba da ita. Ba ni na ce ta shiga kwas ɗin ba. Ita ta ji sanarwa a rediyo tana tankaɗe, ta ce, "Malam, ai ni ma ina da aji bakwai." Na yi shekara da shekaru ina karanta littattafan dabarun koyarwa, na Turawa da na Larabawa, har ina gyara wa sufetoci kuskure a zuciyata. Ranar da na leƙa ta taga na ga tana koyar da ƙidaya da ƙwallon goruba, na koma ofis na zauna.

Da yake matar aure ce, sai aka turo ta gwaji garin mijinta. Aka ba ta aji ɗaya. Aji ɗaya kuwa guda ne a duk garin, kuma ɗanmu na fari yana ciki.

Sunansa Muktar. Na rubuta shi a nan, rubutu ba faɗa ba ne. Wanda ya tashi a birni yanzu ba zai gane ba, don na ga iyaye suna ɗaukar ɗan fari a kafaɗa suna ɗaukar hoto. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi. Wannan kunya ce, kuma a gidan su Sahura, inda malanta ta haɗu da fulatanci, ta fi ko'ina tsanani. Tun da aka yaye shi yana ɗakin mahaifiyata. A aji kuwa ta samo dabararta. Ba ta nuna shi, sai dai ta bi layi, in an zo kansa ta ce, "Mai bi ma Hamsatu." Yara sun sani, gari ya sani. Ba wanda ya ga abin magana.

Abin da ya faru ranar nan, Uwani ce ta ba ni labari. Ita ce ɗayar ɗalibar da aka turo mana, tana zaune a gefe tana jiran nata gwajin ya zo.

Ta ce darasin ya tafi daidai. Mai jarrabawar, Malam Lirwanu, har yana gyaɗa kai. Sai aka zo tambayoyi. Ƙa'idar da aka koya musu a Anka ita ce ranar jarrabawa ba a bin layi, malami ya yi tambaya, ya dakata, ya kira yaro da sunansa. Ta yi tambaya, ɗanmu ya ɗaga hannu, ta kira wani. Ta sake, ya sake ɗagawa. Da tambayoyin suka yi wuya, hannuwa suka ragu, har ya zama nasa kaɗai ne a sama. Ta dubi bango ta ba da amsar da kanta.

Malam Lirwanu ya ce, "Malama, dakata. Yaron can na bakin taga, tun ɗazu hannunshi na bisa. Mi ya hana ki kira shi?"

Ta kau da kai.

"To, mi sunanshi?"

Ta sunkuyar da kai tana murza alli. Yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa, don su sun ga abin dariyar. Wata yarinya ta buɗe baki, ya daka mata tsawa, ya ce ba ita ya tambaya ba.

"Malama, ke nika tambaya. Tun farkon zango kina ajin ga. Yaro mafi hazaƙa, ba ki san sunanshi ba?"

Uwani ta ce allin ya zama gari a hannunta, ba ta ce uffan ba. Ya rufe abin rubutunsa ya ce ya gama.

Na tambayi Uwani me ya sa ita ba ta yi magana ba. Ta ce, "Malam, in tashi gaban baƙo in ce ɗanta na? Gaban idonta? Wallahi ni ma kunya ta kama ni." Ban ga laifinta ba. Malamin da na bar wa makaranta kuwa yana can yana neman kaza da za a yanka wa baƙo.

Na sha tunani a kan Malam Lirwanu. Bahaushe ne, in shi ne na fari a ɗakinsu na tabbata bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Amma ya je Ingila ya koyo dabarun koyarwa, kuma bai taɓa ganin uwa tsaye gaban allo ba. A duniyar da ya sani, uwa tana cikin gida, malami yana aji. Bai zo masa a rai ba mutum ɗaya zai zama duka biyun.

Washegari na ɗauko babbar rigata zan tafi Sakkwato. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ina za ka, Malam?"

"In gaya mashi."

"Ka gaya mashi mi? Ka shiga ofis cike da maza ka ce matarka ta haihu?"

"Kalma biyu ce, Sahura."

"Kalma biyu, sannan a rubuta, a karanta, a aika Anka, a aika Gummi. A ce ɗiyar malam ta kai ƙarar kunyarta gun gwamnati. Ina da rai ba ka faɗin wanga zance. In na mutu ka yi shela a kasuwa."

Ta karɓi rigar ta ninke. Na ce to ta sake zama jarrabawar baɗi. Baɗi ta zo aka rufe kwas ɗin gaggawa, aka ce ya gama aikinsa. Wanda ke son takarda sai ya tafi kwalejin horon malamai ya yi shekaru a makarantar kwana. Tana da goyo a lokacin.

Haka ta zama mataimakiya. Ta riƙe aji ɗaya shekara ashirin da wani abu. Masu takarda suna zuwa suna tafiya, ba mai son aji ɗaya, don a can ake majina da fitsari da kuka. Duk wanda ya iya rubuta sunansa a garin nan cikin mutanen wancan zamani, ita ta kama hannunsa. Daga baya aka zo da wani sabon gyaran ilimi, aka ce a tantance malamai, a fitar da marasa takarda. Cikin waɗanda suka zo tantancewar har da wanda ta koya wa riƙe fensir. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya sallame ta.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai wani ne.

Malam Lirwanu ya ci gaba, ya zama babba a horon malamai. Kuma ya sami labari mai daɗin bayarwa. Duk sababbin ɗalibai, a darasinsu na farko, sai ya ba su labarin malamar Bukkuyum da ba ta san sunan yaro ba. Ɗalibansa suka zama malaman kwaleji, su ma suka riƙa bayarwa. Na fara jin sa ne a ofishina, a bakin wani sabon malami da aka turo mana, yana ba abokan aiki. Ya ƙara masa gishiri, ya ce har yaron ya fashe da kuka. Sahura tana gefe tana jera alli a kwali. Tsofaffin malamai suka sunkuyar da kai. Ya ce, "Ashe ma a garin ga anka yi! Inna, kin san ta?"

Ta ce, "Na san ta. Ba ta da wayo."

Na miƙe, ta dube ni, na zauna.

Ta rasu bara, bayan ƙaramar salla. Ciwon bai daɗe ba. Muktar ne ya riƙa kai ta asibiti a Gummi, yana tuƙi tana baya, tana ce wa ƙanwarsa, "Gaya ma mai motar ya rage gudu." Ya haura hamsin, yana da furfura a gemu.

Bana ƙungiyar tsofaffin malamai ta shirya taro a Anka don tunawa da farkon UPE. Aka ce babban baƙo shi ne Alhaji Lirwanu. Ban san yana da rai ba. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Na aika wa Muktar na ce ya zo ya kai ni.

Hanyar Anka ba yadda na san ta take ba. Ba a fita sai rana ta ɗaga, ba a dawowa bayan la'asar, kuma motoci sukan jira juna su tafi a jere. Muka wuce gonaki da ba a nome ba, da wata makaranta da aka cire wa ƙofofi. Ina kallonta ina tuna benci-bencin da na ɗauko. Ni da shi ba mu saba hira ba. Ya san abin da zai kai ni, ban gaya masa ba.

Muna tsaye a wani shingen sojoji ya ce, "Baba."

"Na'am."

"Ran nan da gangan na yi."

Na dube shi. Shi hanya yake kallo.

"Na ji su Malama Uwani na cewa in baƙo ya zo dole a kira kowane yaro da sunanshi. Sai na ce yau za ni ji sunana a bakinta. Tambaya ta ƙarshe ma ban san amsarta ba. Ɗaga hannu kawai na yi."

Soja ya buga mana mota ya ce mu wuce. Muka wuce. Can na ce, "Shekarunka bakwai." Ya ce, "Na sani." Haka muka shiga Anka.

An yi taron a ɗakin taro na wata makaranta. Tsofaffi ne, kowa da sandarsa, wasu na gane su, wasu sai da suka faɗi suna. Shugaban taro ya yi gargaɗi tun farko cewa baƙi za su koma tare da rakiyar sojoji, sojojin kuwa ba sa jira. Duk da haka ya yi jawabi mai tsawo a kan kansa. Aka kira mu gwaraza, aka kira mu ginshiƙai. Fanshonmu bai shigo cikin jawabin ba.

Aka turo Alhaji Lirwanu a keken marasa lafiya. Na yi shekaru ina zana shi a raina dogo, mai taurin fuska. Ashe ɗan ƙaramin tsoho ne, idanunsa sun yi fari, hularsa ta yi masa yawa. Muryar ce ba ta tsufa ba. Ya yi magana mai ma'ana, ba zan hana shi ba. Ya ce an yi gaggawa, an gina ɗakuna kafin a gina mutane. Ya ce su da aka ba aikin tace malamai, kowa yana zaginsu, amma da ba su tsaya ba da abin ya fi haka lalacewa. Har na fara jin zan iya yi masa magana a hankali.

Sai ya ce, "Bari in ba ku misali. Nan kusa, Bukkuyum."

Wasu suka fara dariya tun bai fara ba, don sun san labarin. Ya bayar da shi tsaf, ya san inda zai dakata. Ya kwaikwayi yadda ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Na tambaye ta, na sake tambaya. Shiru kamar an aiko ta ta yi gadin allo." Ɗaki ya ɗauka da dariya. Ya ce daga ranar ya sa wa kansa doka, duk malamin da bai san sunan yaransa ba, ba zai wuce ta hannunsa ba. Aka tafa. Muktar yana gefena, ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, yana kallon takalmansa.

An ce za a ba da lokacin tambaya. Shugaban taro ya duba agogo ya ce lokaci ya ƙure, a yi addu'a. Na miƙe da sandata na bi ta gefen bango. Kafin in fita ƙofa an riga an kai shi bakin mota, jikokinsa biyu suna ɗaga shi. Na kutsa, wani ya ce a ba tsoho hanya. Na isa an zaunar da shi, ƙofar tana buɗe.

Na yi sallama. Ya miƙo hannu yana lalube, na kama. Hannun ba nauyi.

"Wa ke nan?"

"Zakariyya. Tsohon hedimasta, Bukkuyum."

"A'a! Mutanen Bukkuyum! Ina wuni, Malam? Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya hanya? Ya muka ji da wanga hali?"

"Sai addu'a, Alhaji."

"Ya jiki? Ya ƙarfin ido? Ni nawa sun tafi sun bar ni."

Ba a zuwa wa dattijo da magana ba a gama gaisuwa ba. Na yi shekara tamanin ban yi haka ba, bakina bai san yadda ake yi ba. Na amsa, na mayar masa, na tambayi nasa jikin. Direba ya tada mota.

"Ya iyali? Ya uwargida?"

"Ta rasu bara. Alhaji, dama ita ce..."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mi sunanta?"

"Sahura."

Sunan bai taɓa komai a fuskarsa ba. Ya saki hannuna ya ɗaga nasa biyu. Ya ce, "Jama'a, a tsaya. A yi ma matar malami addu'a." Duk wanda ke wurin ya ɗaga hannu, har direban. Ya iya addu'a. Ya roƙa mata gafara, ya roƙa a yalwata kabarinta, a haskaka shi. Ya ce matan malamai su suka ɗauki wahalar aikin nan ba wanda ya rubuta sunansu, Allah Ya saka mata da haƙurin da ta yi. Da gaske yake. Ina tsaye da hannuwana a sama ina cewa amin. Mutum ba ya katse addu'ar da ake yi wa matarsa.

Aka shafa. Soja ya busa usur a bakin titi, jikan ya ce, "Baba, a yi haƙuri," ya rufe ƙofar. Ta gilashi na ga yana ɗaga hannu wajen da yake zaton ina tsaye.

Na nemi lambar gidansa, na kira, aka ce yana barci. Na sake kira, aka ce an kai shi asibiti. Kafin damina ta sauka na ji sanarwar rasuwarsa a rediyo, tare da jerin makarantun da ya yi wa hidima. Na yi masa addu'a, don ya yi wa tawa. Labarin kuwa yana nan, ana ba da shi a kwalejoji, a bakin mutanen da ba su san shi ba, ba su san ta ba.

Ba dogon jawabi na tanada ba. Ba zagi, ba neman takarda, takarda ba ta da amfani a inda take. Cewa zan yi: Alhaji, yaron nan na bakin taga ɗanta ne, ɗan fari. Ita ta zaɓa masa sunan.